Ni da Babin Kurakurai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata na'ura, wadda ba ta da dangi a garinmu balle a ce gulma ta gada, ta ba da labarin wandona a gaban manyan mutane. Ina jin dai na yafe mata. Amma har yau in na ji wani abu ya yi ƙara "ƙiit" a bayana, sai gabana ya faɗi.

Lokacin muna cikin Jihar Kaduna, a zamanin farar hula na biyu, kuɗin mai ya fara ja da baya amma bai ƙare ba tukuna. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, aka ɗauke ni aikin gwaji a ofishin wani shirin bunƙasa noma a Kankia. Sharaɗin a fili yake: idan Manaja ya gamsu da ni kafin damina, ya tabbatar da ni a aiki. Idan bai gamsu ba, in tattara digirina in koma Kusada in zauna a zauren gidanmu. Ni kuwa ni ne mai digiri na farko a gidan, har mahaifiyata ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa ɗanta ne ke "tuƙa kwamfuta" (ban taɓa samun zuciyar gyara mata ba).

Kwamfutar guda ɗaya ce tak. Wani Ba'indiye ne ke kula da ita, kowa Injiniya yake ce masa. Shi ne ya ƙirƙiro wani ƙaramin yaren ba na'ura umarni da kalmomin Hausa, irin su IDAN da MAIMAITA da ƘARE, don malaman gona su iya lissafa takin da kowace gona ke buƙata ba sai sun yi Turanci mai zurfi ba. Ya kuma rubuta manhajar da ke karɓar waɗannan umarni ta juya su zuwa abin da na'ura ke ganewa. Mu a ofis Tafinta muke ce wa wannan manhaja, don aikinta ke nan: kai ka faɗi naka, ita ta isar. In kuwa ka rubuta shirme, sai ta ƙi isarwa, ta yi ƙara, ta buga maka lambar kuskurenka da bayaninsa a takarda.

To kwantiragin Injiniya ya kusa ƙarewa, ba kuɗin sabuntawa. Manaja ya ce ba zai yarda mutum ya hau jirgi da ilmin Tafinta duka a cikin kansa ba. Dole a rubuta littafin jagora, wanda duk wanda ya zo daga baya zai buɗe ya ga me kowane umarni ke yi, me kowane kuskure ke nufi. Mu uku aka ɗora wa: Injiniya ya rubuta yadda cikin Tafinta yake, Rakiya ta rubuta babin umarni, ni kuma aka ba ni babin kurakurai.

Sai na tsaya na yi bayanin Rakiya, don ita ce masifar.

Rakiya ɗiyar kawuna ce, wato taubashiyata. Ta karanta lissafi, ta riga ni shiga ofishin, ita ce ma ta taya Injiniya sa saƙonnin Tafinta cikin Hausa. Tunda ita ɗiyar namiji ce ni ɗan mace, tun muna yara "bawana" take kirana, kuma al'ada ta ba ta lasisin tsokanata ba tare da na isa in yi fushi ba. Ranar da na fara aiki na ja ta gefe na roƙe ta.

Na ce, "Rakiya, don girman Allah, nan ofis ne. A bar wasan nan a gida."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe, bawana."

Abin da nake tsoro ba kalmar bawa ba ce. Wani suna ne. Ina yaro an kai ni hutu gidan kawu Malam Isa a Mawashi, wani jan zakara mai baƙin hali ya biyo ni. Na zura da gudu na ɗare rumbun gero. Wajen hawan, tazugena ya maƙale a wani icce, ni na kai sama, wandon ya tsaya a ƙasa. Na zauna kan rumbun ina kuka, zakara na sintiri a gindinsa, har wani maƙwabci ya zo ya sauko da ni. Daga ranar na zama Na-Rumbu. Na yi shekaru ina binne sunan nan da makarantar kwana da jami'a da taye da tabarau. A Kankia ba wanda ya san shi sai Rakiya.

Injiniya ya kafa mana doka guda, da Hausarsa mai lanƙwasa: "Ba gani, ba rubutu." Wato duk abin da za ka sa a littafi sai ka gwada shi a kan na'ura ka gani da idonka, sannan ka rubuta "an gwada" a ƙarƙashi ka sa hannu. In ka gama babinka ka miƙa wa wani ya duba. Ni zan duba na Rakiya, ita ta duba nawa. Ya ba ni takarda mai lambobin kurakurai, kowace lamba da ɗan guntun Turanci a gefenta. Aikina shi ne in zauna in yi kowane kuskure da gangan, in ga abin da Tafinta za ta ce, in kwafe, in bayyana yadda ake gyarawa.

A nan matsalar take. Ni mutum ne da tun firamare nake karanta amsata sau uku kafin in miƙa. Ban taɓa shiga mota ban tambayi direba ko birki na ci ba. Sai ga shi an ce aikina shi ne in yi kuskure da hannuna, da rana tsaka, a biya ni albashi.

Da ma ni kaɗai ne a ɗakin, da da sauƙi. Amma ɗakin na'ura shi kaɗai ke da iyakwandishan a ofishin, ga shi bazara ta kankama. Saboda haka kowa yana da uzurin shigowa. Akawu ya zo neman fayil ɗin da ba a taɓa ajiyewa a nan ba. Direbobi su zo tambayar ƙarfe nawa. Duk su jingina da bango suna shan sanyi, suna kallon bayana.

Na yi kuskuren farko. Na'ura ta ce "ƙiit!" Injin bugawa ya kama tatata kamar ana harbi.

Wani direba, Malam Audu, ya ce, "Subhanallahi. Ta ƙi shi."

Na juya na ce, "Da gangan na yi."

Ya ce, "Haka ne, Malam. Ni ma ranar da na faɗa rami da Landiroba a hanyar Fakuwa da gangan na yi."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Na yi na biyu, "ƙiit!" Akawu ya ce, "Injiniya in ya taɓa ta shiru take yi. Halan ba ta son masu taye." Kafin a tashi aiki labari ya kai wajen mai shayi a bakin titi cewa sabon mai digirin nan kullum na'ura zaginsa take yi. Washegari ina wucewa Manaja ya tsayar da ni a baranda ya ce, "Na ji an ce kana shan wahala da ita. Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, na fara dogon bayani, ya duba agogo ya wuce. Mutumin da aikina ke hannunsa ke nan.

Na daure na kai wajen rabin lambobin. Daga nan sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce ai ga guntun Turancin Injiniya a gefen kowace lamba, ga kuma hankalin da Allah Ya ba ni. Me zai hana in yi hasashen abin da na'ura za ta ce, in rubuta shi ta yadda ba za a iya kama ni da ƙarya ba? Wannan fanni kuwa na ƙware a kai. Babina ya cika da "wataƙila", da "a mafi yawan lokuta", da "ba mamaki", da "bisa ga dukkan alamu". Ɗakin na'ura ya yi tsit. Malam Audu har ya yi mini barka, ya ce ga alama mun shirya ni da ita.

Da na zo lamba ta talatin da ɗaya, sai na tarar hannun Injiniya ya yi gudu, ban iya karanta abin da ya rubuta a gefenta ba. In na tambaye shi, zai ce in je in gwada. In na tambayi Rakiya, gara in tambayi gidan rediyo. Na zauna na yi tunani, na fito da jimlar da har yau nake iya karantowa da ka:

"Kuskure na 31: Bisa ga dukkan alamu, wannan saƙo yana bayyana kansa. Ana shawartar mai aiki ya karanta shi da natsuwa, ya bi abin da ya ce."

Na rubuta "an gwada" a ƙarƙashi, na sa hannu. (Sai da na ɗan yi jinkiri tukuna. Ina so a rubuta mini wannan a ɓangaren lada.)

Na miƙa wa Rakiya babin. Ta yi ta juya shafi tana taunar bayan biro. Da ta zo talatin da ɗaya ta tsaya, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Bawana, ka gwada wannan?"

Na ce, "A iya sanina, ba na jin akwai wanda na tsallake da niyya."

"Ka ga abin da ya fito?"

"To, ai ga shi na rubuta. Yana bayyana kansa."

Ta ƙura mini ido, kamar mai son gano wani abu a fuskata. Sannan ta yi wata irin dariya ta ce, "Lallai ka girma. Ban zaci za ka iya haɗiye shi haka ba." Ban gane me take nufi ba, ban kuma tambaya ba, don tambaya ita ce abin da nake gudu. Ta sa hannu. Aka buga littafin a injin kwafi, aka ɗinke shi da bango shuɗi, sunayenmu uku a gaba.

Ranar miƙa littafi Manaja ya mai da ita biki. An gayyato malaman gona, da shugabannin manoma daga Fakuwa da Boko da Mawashi, da wani ardon Fulani da ya zo jin ko na'urar ta san maganin shanu. An jera kujeru a ɗakin na'ura, waɗanda ba su samu wuri ba suka leƙo ta taga. Ni aka zaɓa in zauna gaban na'ura in nuna aiki. Na shirya wani ɗan lissafin buhunan taki, na maimaita shi har ina iya bugawa ido rufe. Na sa sabuwar taye.

Komai ya tafi daidai. Na buga girman gona, na'ura ta fito da yawan taki, ba ƙiit ba tari. Manoma suka yi ta gyaɗa kai. Na fara hango takardar tabbatarwa a hannuna.

Sai Injiniya ya miƙe, alfahari ya cika shi. Ya ɗaga littafin ya ce, "Ranka ya daɗe, komai a ciki an gwada. Buɗe ko'ina. Zaɓa."

Manaja ya karɓa, ya lashi yatsa, ya fara juya shafi. Ya wuce babin Injiniya. Ya wuce babin Rakiya. Ni kuwa ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya shiga babina, ya wuce rabin da na gwada da gaske kamar yana da gaba da shi, ya tsaya.

Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: "Kuskure na talatin da ɗaya. Bisa ga dukkan alamu, wannan saƙo yana bayyana kansa. Ana shawartar mai aiki ya karanta shi da natsuwa, ya bi abin da ya ce. An gwada." Ya dube ni. "Madalla. Nuna mana shi."

Na dubi na'ura. Na'ura ta dube ni. Ban san yadda ake jawo kuskure na talatin da ɗaya ba, ko da za a ɗora mini wuƙa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi wannan kuskuren, a mafi yawan lokuta, ba kasafai yake son fitowa ba."

Injiniya ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ce, "Sauƙi, sauƙi. Cire ƘARE na ƙasa."

A nan ne na hangi Rakiya a bayan ɗaki. Ta zaro ido, tana girgiza mini kai, tana yi mini alama da hannu kamar mai korar kaji. Na ɗauka tsokana ce irin tata. Na kau da kai da mutunci, na goge layin, na danna.

"Ƙiit!"

Injin bugawa ya yi tatata. Ya daɗe yana yi, fiye da yadda na saba ji. Manaja da kansa ya yage takardar. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya karanta da muryar da yake karanta sanarwar gwamnati:

"KUSKURE 31: AN BUƊE BA A RUFE BA. A TAMBAYI NA-RUMBU, WANDA ZAKARA YA KORA YA BAR WANDONSA A MAWASHI."

Iyakwandishan kaɗai ke numfashi.

Manaja mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya koma kan littafin ya sake dubawa. Ya ce, "Littafi ya ce a karanta da natsuwa, na karanta. Ya ce a bi abin da saƙo ya ce. Saƙo ya ce a tambayi Na-Rumbu." Ya ɗaga kai ya dubi jama'a. "Wane ne Na-Rumbu?"

Da na yi shiru, da wataƙila an wuce wurin. Na kuwa yi shirun. Amma a layin gaba akwai wani dattijo daga Mawashi, Baba Ɗangoje, wanda tun shigowarsa yake ƙura mini ido kamar yana son tuna inda ya san ni. Sai ga shi ya buga sandarsa a ƙasa.

Ya ce, "Allahu akbar! Tun ɗazu nike cewa na san kunnuwan nan. Ai ga shi nan gabanku! Ɗan ƙanwar Malam Isa ne. Ni na sauko da shi da hannuna. Kai yaro, ashe ka yi wando har da igiyar wuya!"

Ban san wanda ya fara ba, amma ina zargin Malam Audu ta taga. Dariya ta fashe. Malaman gona suka kifa kai a kan gwiwa. Ardo ya nemi a maimaita masa, aka maimaita, ya tambaya ko zakaran na nan da rai. Baba Ɗangoje ya miƙe tsaye yana kwatanta tsayin rumbun da sanda. Injiniya, wanda Hausarsa ba ta kai nan ba, yana ta tambaya, "Mene ne wando? Mene ne wando?" har wani ya nuna masa nasa.

Wani tsoho daga Boko kuwa bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ja kujerarsa baya, ya ce shi fa ba zai bari a sa sunansa cikin abin nan ba, tunda ta san abin da mutum ya yi yana yaro.

Ni dai ina zaune ina kallon ƙasa ko za ta yi mini alfarma ta tsage.

Bayan an watse Manaja ya kira mu ofishinsa, ni da Rakiya. Ita ta fara magana, kuma don Allah ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ita ta sa saƙon tun ranar da aka ba ni babin, tana jiran in ci karo da shi in zo in yi mata tijara, ta yi dariyarta ta cire. Da ta ga na rubuta "an gwada", sai ta ɗauka na gani na shanye don in nuna mata na fi ƙarfin wasa, kuma na sa Injiniya ya goge.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, taubashina ne. Ban san bai gwada ba. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, tsoro dai na san shi da shi."

Manaja ya ce mata wasan taubasai ba a hana shi ba, amma ba a cikin kayan gwamnati ba, ta je ta cire yanzu. Ta fita tana danne baki da gyale. Ya juyo kaina.

Ya ce, "Nawa ka gwada?"

Na ce, "Za a iya cewa kusan..."

"Malam."

"Rabi, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka sauran?"

Na gaya masa gaskiya: ƙarar ce, da 'yan kallo, da tsoron kada ya ji an ce ban iya aiki ba. Ina jin yana ƙoƙarin kada ya tuna da zakara, don gefen bakinsa na motsi.

Ya ce, "Wandonka bai dame ni ba. Sa hannunka ne ya dame ni. Injiniya zai tafi, littafin nan ne zai zauna. In malamin gona ya maƙale a tsakiyar rabon taki ya buɗe ya tarar da 'wataƙila', wa zai tambaya? Zakara?" Ya tura mini littafin. "Ka koma ka yi kowane kuskure da hannunka, ƙofa a buɗe. In ka gama kafin Injiniya ya tafi, ka kawo mini, mu yi maganar takardarka. In ba ka gama ba, ka gaida mutanen Kusada."

Haka na koma na zauna. Wannan karon ɗakin ya fi da cika, don yanzu ba sanyi kaɗai ake zuwa sha ba. Duk "ƙiit" ɗin da na'ura ta yi, sai Malam Audu ya yi cara daga bakin ƙofa. Da farko ina jin kamar in nutse. Daga baya na lura ban mutu ba. Har na fara juyowa ina sanar da su: "Jama'a, ga na talatin da biyar nan tafe, a shirya." Abin da ya fi ba ni kunya ma shi ne, da na gwada waɗanda na yi hasashe, sai na tarar da yawa na zuba shirme, duk da "ba mamaki" ɗin da na lulluɓe su da shi. Na kuma gano kuskure guda da Tafinta ke bugawa da lambar da ba tasa ba, Injiniya ya gyara kafin ya tafi, ya riƙe hannuna yana cewa, "Da kyau, Mista Rumbu." Ya ɗauka sunan gidanmu ne. Ban gyara masa ba.

An tabbatar da ni a aiki ana gab da shuka. Rakiya ta duba sabon babin layi-layi, ta goge "wataƙila" guda da ta tsere mini, ta sa hannu, ta ce, "Yanzu ka yi aiki, bawana. Na kusa 'yanta ka." Har yau ba ta 'yanta ni ba. Sunan kuwa ya bi ni har na yi ritaya. Akwai waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina shekara da shekaru ba su san sunana na yanka ba, "Oga Na-Rumbu" kawai suka sani.

Darasin da na ɗauka, idan ban yi kuskure ba (kuma yanzu ba na jin tsoron in yi), shi ne: na guje wa ƙaramar dariya ta direbobi, na je na sayo babba a gaban garuruwa uku. Tun daga ranar ban sake rubuta "an gwada" a kan abin da ban taɓa da hannuna ba. Sannan duk takardar da taubashi ya karanta ya yi murmushi ya sa hannu ba gardama, ina koma mata daga farko.